Kunyar Suruka a Gaban Juri

Nafissa ta leƙa ta ƙofar baya don ta ga ko mutane sun taru, sai ta ja da baya da sauri.

A layin gaba, daidai kujerun da ake bar wa iyayen ɗalibi, wata dattijuwa ce ta hakimce cikin shadda ruwan toka, mayafi har ƙasa, carbi a hannu. Ko daga ƙeya Nafissa ta hango wannan zaman, ta san mai shi.

Hajiya Zuwera ce, mahaifiyar Mu'azu.

"Mu'azu..." Nafissa ta waiwaya. "Wa ya kawo Inna nan?"

Mu'azu yana bayanta riƙe da jakarta. Ya miƙa wuya ya leƙa, nan take fuskarsa ta canja. Ya rantse mata da Allah bai sani ba. A unguwar Gaweye ya bar mahaifiyarsa da safen nan, gidan kawunsa inda ta sauka, tana shan kunu, ko zancen jami'a bai yi mata ba.

Ba su daɗe suna neman amsa ba. Wata budurwa da ke zaune kusa da Hajiya ta waiwayo, ta ɗago musu hannu, tana murmushi har da lumshe ido. Rukayya ce, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda tun tana lakwal, 'yar firamare, ta sa wa ranta cewa Yaya Mu'azu nata ne, ba tare da ta tambayi Yaya Mu'azun ba.

"Shi ke nan," in ji Nafissa a hankali. "Ta gama da ni."

Yau ce ranar sutnans ɗinta, ranar da ɗalibin Masta yake tsayawa gaban juri na malamai ya kare binciken da ya yi. Zango ya ƙare a jami'ar Yamai. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun fara zama kango, kowa yana ɗaure katifa yana neman motar garinsu, ita ma akwatinta a ɗaure yake. Daga wannan zauren sai garinsu, Tawa.

Kuma a Tawa akwai magana tana jiranta. Mahaifinta, Malam Ƙasimu, tsohon malamin makaranta ne da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa, amma bai hana shi magana ba. Ya ce mata shi ba zai zaɓa mata miji ba, sai dai ba zai zuba ido a rataye masa ɗiya ba. In hutu ya ƙare manyan Mu'azu ba su zo neman aure ba, to a rufe zancen, kowa ya kama gabansa. Mu'azu kuwa ba zai tura kowa ba sai Inna ta sa albarka. Ita kanta Nafissa ta sha gaya masa ba za ta shiga gidan da uwar miji ba ta son ganinta ba.

Abin da ya haɗa ta da Hajiya bai kai ya kawo ba, amma ya kawo.

Nafissa aikin gona take karantawa, bincikenta a kan gishirin da ke tasowa a fadamun shinkafa na Saga yana ƙona dashe. A can ta ƙare rabin rayuwarta ta Yamai. Mu'azu, malamin lissafi ne a wata lise, wato sakandare, a unguwar Lamorde, ya fara da taya ta lissafin awon ƙasa a ƙarƙashin itatuwan jami'a, ya ƙare da kasa cin abinci in bai ji muryarta ba. Da Hajiya ta zo daga Maraɗi lokacin dashe, ya shirya zai kai mata Nafissa da la'asar, cikin atamfa da lalle, kai a sunkuye, yadda ake kai yarinya gaban suruka.

Rukayya ta riga shi. Da hantsi ta ce wa Hajiya ta zo ta raka ta Saga, wai can ake samun sabuwar shinkafa mai ƙamshi.

Abin da Hajiya ta tarar ba shinkafa ba ce. Wata yarinya ta gani tsamo-tsamo cikin laka har gwiwa, zane a tattare a kan wando, tana gardama da wani dattijo mai furfura, shugaban manoman wurin, a kan buɗe ruwa. Ta yi da Zabarmanci, ta juya Hausa, hannu na tashi sama. Matsattsaku ya maƙale mata a ƙauri, ta sa yatsa ta fizge shi ta yar, ko numfashi ba ta ja ba ta ci gaba da magana. Sai ga Rukayya ta rangaɗa sallama, ta ce, ai Tanti ga wadda Yaya yake so ɗin.

Hajiya ta juya ta bar wurin. Dare bai yi ba sai da ta kira ɗanta ta yanke hukunci: macen da ke ɗaga wa dattijo murya a bainar jama'a, gobe ita za ta ɗaga wa. Ba wanda ya tsaya ya gaya mata cewa dattijon nan da Nafissa kullum haka suke, kuma in sun gama shi ke aiko mata da kifi.

Tun daga ranar Nafissa ta yi duk abin da ake yi. Ta gaishe ta a waya, aka amsa da ƙyar. Ta aika turare, aka ce an gode. Hajiya dai tana nan a kan bakanta.

To yanzu ga ta a layin gaba, a rana ɗaya tak da dole Nafissa ta tsaya gaban dattawa ta yi gardama da su. Rukayya ɗaliba ce a nan, ta san yadda ake sutnans sarai. Ta san shugaban juri Farfesa Bawa ne, mutumin da ɗalibai ke cewa bai taɓa karanta aikin kowa ya ce ya yi ba. Ya kan yayyaga aikin ɗalibi a gaban uwarsa da ubansa, ya koma ya jingina yana jiran a mayar masa. Wanda ya mayar da hujja ya ci, wanda ya yi shiru ya dawo baɗi.

"Nafi, dube ni," in ji Mu'azu. Ya rage murya. "Sanyin idona, ki manta tana nan. Ki yi aikinki kawai."

"In na yi aikina na rasa ka. In na yi shiru na rasa aikina. Wanne kake so in ɗauka?"

Malamin lissafi guda, amma wannan ya fi ƙarfinsa. Kafin ya samo abin cewa aka kira sunanta.

Ta shiga. Zauren ya cika da 'yan ajinsu, har da wasu manoman Saga da suka sha babbar riga suka zauna can baya. Malamai uku suna kan dogon tebur, Farfesa Bawa a tsakiya, tabarau a kan karan hanci. Kafin ta hau wurinta sai da ta ratse ta durƙusa har ƙasa gaban Hajiya.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya," in ji Hajiya, idonta a kan carbi.

Bayanin farko ya tafi daidai, don wannan ba gardama ba ce. Nafissa ta nuna hotunan fadama, ta yi bayanin yadda gishiri ke hawowa in ruwa ya kwana bai fita ba, ta faɗi abin da take ganin zai yi magani. Faransancinta yana zuba sumul. Aka tafa. Mu'azu, da ke tsaye jikin bango don zama ya gagare shi, ya ɗan saki numfashi.

Sai Farfesa ya cire tabarau ya ajiye.

Ya fara a hankali, kamar mai ba da labari. Ya ce ya karanta aikin, kuma ya yi baƙin cikin lokacin da ya ɓata. Ya ce shafi kaza ya saɓa wa shafi kaza. Ya ɗaga littafin binciken da yatsu biyu, ya sake shi ya faɗi a tebur. Sannan ya tambaye ta dalilin da ya sa awon da ta yi a gonakin bakin kogi ya bambanta da abin da manyan masana suka rubuta tun kafin a haife ta.

Nafissa ta san amsar. Ta san ta kamar sunanta. Manyan masanan da rani suka yi awonsu, ita kuwa ta bi gonakin har cikin damina, kuma tana da hujjar da za ta nuna cewa a nan su ne suka yi kuskure. Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ta ɗago kai za ta fara, sai idonta ya faɗa cikin na Hajiya.

Ta sunkuyar da kai.

"Na gode, Farfesa," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Zan gyara."

'Yan ajinsu suka dubi juna. Wannan ce Nafissar da ko mai taksi bai isa ya yi mata kwana ba? Farfesa ya ɗaure fuska ya sake jefo wata tambayar, mai zafi fiye da ta farko. Ta sake cewa za ta gyara. Ya jefo ta uku. Malamar da ta duba mata aikin tun farko, tana gefen tebur, ta dafe goshi.

Gaskiya abin tausayi ne. Yarinya ta ci rana, ta ci sauro, ta rame a kan aikin nan, ga shi tana tsaye tana kallo ana yanka shi, ta kasa ko ɗaga yatsa. Hawaye ya cika mata ido, ta ƙi bari ya zubo. A ranta tana cewa Masta ana sake ta baɗi, Mu'azu kuwa ba a sake shi.

Ran Farfesa ya ɓaci da gaske, don ya san abin da yarinyar nan ta iya. Ya buga tebur, ya ɗaga murya, ya ce yanzu ya gane: wannan aikin a ɗaki aka zauna ƙarƙashin fanka aka ƙirƙire shi, mai shi ba ta taɓa taka fadamar Saga ba.

Hajiya Zuwera ba ta jin Faransanci ko na sayen gishiri. Amma mace ce da ta tsufa a kasuwar Maraɗi tana sayar da atamfa, ta san muryar mai kushe kaya ko da wane yare yake yi. Tun ɗazu carbin ya tsaya a hannunta. Ta zunguri Rukayya.

"Ke, mi yake cewa?"

Rukayya ta matso da murna, don abin ya zo mata ta inda ba ta zata ba. Ta so a ga rashin kunya, sai ga abin da ya fi shi daɗi. Ta raɗa mata cewa wai ƙarya Nafissa ta yi, duk aikin na bogi ne, ko sau ɗaya ba ta je gona ba.

"Ba ta je ba?"

"Haka ya ce, Tanti."

Hajiya ta miƙe tsaye.

Duk wanda ya taɓa shiga sutnans ya san ba a yi. Uba ko minista ne, zama yake ya yi shiru har a gama. Mu'azu ya taso daga jikin bango yana kiran Inna, Inna, amma ina. Ta gyara mayafi ta fuskanci tebur.

"Malam, gahwara dai. Ni ban san karatunku ba, amma ƙarya ba ta da kyau ga babban mutum."

Zauren ya yi tsit, har ana jin kukan fanka. Nafissa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Hajiya ta ci gaba, murya tar, irin ta mai kiran ciniki daga wancan layin. Ta ce ita da idonta ta ga yarinyar nan cikin laka har gwiwa a Saga, rana tsaka, matsattsaku na shan jininta. Ta ce ba don tana sonta take faɗa ba, Allah ya sani abin da ta gani ranar bai yi mata daɗi ba, amma ta gani. In akwai Alƙur'ani a kusa a kawo ta dafa. Daga can baya wani manomi ya ce, wallahi Hajiya ta yi gaskiya.

Farfesa Bawa ya mayar da tabarau ya dube ta da kyau. Yana da ikon ya sa a fitar da ita, yana da ikon ya ɗage zaman gaba ɗaya, kuma kowa a wurin ya san haka in ban da ita. Da ya buɗe baki, Hausa ce ta fito, irin ta mutanen Dogonduci.

Ya ce mata ya san yarinyar ta je, shi da kansa ya taɓa bin ta har fadamar. Ya ce a nan haka ake yi: malami ya kushe, ɗalibi ya kare. Ba shaidar wani yake nema ba, daga bakinta yake so ya ji. In ta ci gaba da ce masa za ta gyara, to ba shi da abin da zai ba ta, sai ta dawo baɗi.

Sai a lokacin Hajiya ta gane ta yi katsalandan a abin da ba ta sani ba. Kunya ta kama ta, amma ba irin matan da kunya ke zaunarwa ba ce. Ta juya kan Nafissa.

"To ke, ina bakin naki? Wanda na ji a Saga, ina kika bar shi? Ana kushe miki kaya kina cewa an gode? Kunyar wa kike ji?"

Hawayen da Nafissa ta riƙe tun ɗazu ya gangaro.

"Taki, Inna..."

Hajiya ta dubi yarinyar, ta dubi littafin da ke yashe a tebur, ta waiwaya ta dubi ɗanta da ya yi tsuru-tsuru a tsakiyar hanya. Sannan ta sauke ido a kan Rukayya, ta daɗe tana kallonta, har Rukayya ta fara laluben wani abu a jaka wanda babu shi. Hajiya ba yarinya ba ce. Nan take ta haɗa zuwa Saga da zuwan yau, ta ga hannu ɗaya ne ya ja ta duka biyun.

"Hajiya," in ji Farfesa, "kafin ki zauna. Layin nan na iyaye ne. Ke mece ce gare ta?"

Mu'azu ya runtse ido.

Hajiya ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu.

"Uwar mijin da za ta aura ce," ta ce. Ta juya ga Nafissa. "Na ɗauke miki kunyar. Ba shi amsa, ɗiyata."

Ta zauna abinta.

Wata 'yar ajinsu ta fara guɗa, Farfesa ya harare ta, ta haɗiye sauran. Nafissa ta sa gefen mayafi ta share fuska. Ta ja numfashi, ta ɗauki littafinta daga inda aka yar da shi, ta buɗe.

Abin da ya biyo baya, 'yan ajin sun daɗe suna ba da labarinsa. Ta bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Inda ta yi kuskure ta ce ta yi, inda take da gaskiya ta tsaya ƙyam. Da aka zo kan manyan masana, ta ce da girmamawa, su da rani suka auna, ita ta auna har cikin ruwa, ga abin da ta samu, wanda bai yarda ba ga Saga nan ba nisa. Farfesa ya kawo suka, ta tare. Ya sake kawowa, ta mayar. Hannunta har ya fara tashi sama. Hajiya ba ta fahimci kalma ɗaya ba, amma duk sanda Farfesa ya yi shiru sai ta gyaɗa kai ta ce, yawwa.

Aka fitar da kowa waje don juri su yi shawara. Rukayya ta ce kanta na ciwo, ta tare taksi ta tafi, ba wanda ya ce ta tsaya. Mu'azu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa a kan baranda zai yi godiya, sai kawai ya kama hannunta ya riƙe. Ta ce ya tashi kar ya ba ta kunya cikin mutane, ta isa haka nan ta yau.

Da aka koma ciki kowa ya miƙe tsaye, kamar yadda ake yi. Farfesa Bawa ya karanta hukunci: an karɓi aikin, da yabo mafi girma da juri ke bayarwa. Ya ƙara da cewa tun da yake wannan aiki bai taɓa ganin an kawo masa lauya daga kasuwa ba, kuma yana roƙon kar a sake. Zaure ya kwashe da dariya. Wannan karon da guɗa ta tashi bai hana ba.

A waje hadari ya haɗo ta gabas, iska mai sanyi tana tasowa daga kogi. Ƙawaye suka yanyame Nafissa da furanni da hotuna. Da ƙyar ta zame ta iso inda Hajiya take zaune a inuwar wani itace, ta durƙusa.

"Inna, ki yafe mini. Na sa kin tashi cikin mutane."

"Ke kika tashe ni? Ni na tashi da ƙafata."

Ta kira Mu'azu ta ce ya buga wa kawunsa waya yanzu, a fara shirin goro, ranar da Nafissa za ta tafi Tawa kar ta riga manyansa isa da nisa. Mu'azu ya dubi Nafissa, ta dube shi, ya motsa baki ba sauti ya ce, tawa. Ta kawar da kai tana murmushi, hawaye na sake zubowa, wannan karon ba ta tare shi ba.

Kafin hutu ya ƙare aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ƙasimu, wanda ya manta da ciwon gwiwa ya yini a tsaye. Amma sharaɗin auren tun a ranar sutnans aka gindaya shi, a ƙarƙashin itacen nan, lokacin da Hajiya ta kamo haɓar Nafissa ta ɗago fuskarta.

"Abu guda nake so ki riƙe," ta ce. "Na san za mu yi gardama, ni da ke, don na ga halinki kuma na san nawa. To ban yarda da Faransanci ba. Da Hausa za ki yi mini, in ji, in rama."